Kai kaɗai da jaka a baya a Alƙahira: yadda ake zaman yau da kullum a bakin kogin Nilu

Mu mutanen Adar an san mu da tafiya. Da wuya ka shiga gida a Tawa ko Illela ko Keita ka rasa wanda ya taɓa zuwa biɗa Abijan ko Libiya ko Kamaru. Sai dai tafiyarmu kullum da masauki take. Akwai ɗan garinku da zai tarbe ka a tasha, akwai ɗakin da ƴan'uwa suka riga suka kama, akwai tukunyar da za a ƙara maka hannu a ciki. Shi ya sa ranar da na ce wa mahaifina zan je Masar in yi mako uku don ganin gari kawai, tambayar da ya fara yi ita ce: "To wurin wa za ka sauka?" Na ce, "Baba, ba wurin kowa ba, gado zan kama haya." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya tsare. Amma duk inda ka sauka, ka sa a san fuskarka."

Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan maganar ya tsaya. Birnin Alƙahira da kewayensa ya haura mutum miliyan 20. Wanda ya shige shi da nufin ya zaga ko'ina cikin kwana huɗu, gajiya da ɓacin rai zai kwaso. Wanda ya kama unguwa ɗaya ya zauna, ya bar kogi ya riƙa nuna masa hanya, shi ne zai ci moriyar kuɗin jirginsa.

Abin da ake gamawa tun a Yamai

Ɗan Nijar yana buƙatar biza, kuma a ofishin jakadancin Masar da ke Yamai ake nemanta. Kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa sai ka je ka ji takardun da suke so a lokacin, don sharuɗɗa suna canzawa. Daga Tawa tafiyar ta kai kusan kilomita 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, saboda haka ka haɗa komai a zuwa ɗaya: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, hotuna, shaidar masaukin da ka kama, da katin rigakafin shawara, wato ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa. Masar tana neman wannan katin daga masu fitowa daga ƙasashenmu. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka buga kofi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya ka bar wa na gida.

Sefa ba ta da kasuwa a Alƙahira. Ka canza ta zuwa yuro tun a gida, don farashinsu a ɗaure yake: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ban da ribar mai canji. In ka isa, banki ko shagon canji mai lasisi kawai za ka shiga. Canjin bayan fage laifi ne a can, kuma tun da gwamnati ta saki farashin kuɗinsu a watan Maris na 2024 babu wata riba a cikinsa da za ta sa mutum ya jefa kansa a hannun hukuma. Ka nemi katin banki mai aiki a ƙasashen waje, domin wuraren tarihi da yawa yanzu da kati ake biyan kuɗin shiga.

Jaka ɗaya ta baya ta isa, wadda za ka iya hawa bene hawa biyar da ita ba ka tsaya ba. Kaya kala uku, takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, silifa, ƙaramin tawul, kwaɗo biyu, darduma mara nauyi. Zafin Alƙahira ba zai ba ɗan Tawa tsoro ba. Sanyinta ne abin shiri: daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan sauka wajen digiri 10, ga iskar kogi, ga ɗakunan da ba a ɗumamawa. Ka sa rigar sanyi mai kauri da safa.

Sai maganar saƙo, kuma a nan ba na sassautawa. Da an ji za ka Masar za a fara kawo maka ƙunshi: wannan na ɗalibi ne, wancan na mara lafiya ne. Kada ka karɓi abin da ba a buɗe a gabanka ba, ko da na surukinka ne. Ƙwayar tramol da ake wasa da ita a tashoshinmu, a Masar tana kai mutum gidan kaso na shekaru. In kana shan wani magani kullum, ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Daren farko

Jiragen da ke tashi daga filin Diori Hamani sukan bi da kai ta Addis Ababa ko Istanbul ko Kazablanka, kuma sau da yawa cikin dare ake sauka. Kafin ka fita daga filin jirgi ka yi abu biyu. Ka canza kuɗi kaɗan, ka roƙa a haɗa maka da ƙananan takardu. Sannan ka sayi layin waya da fasfonka, ko Vodafone ko Orange ko WE, ka tsaya a gaban mai sayarwa har intanet ya kama. Da shi za ka kira mota ta Uber ko Careem, ka ga kuɗin tun ba ka shiga ba, ka huta da ciniki da direbobin bakin ƙofa alhali ko darajar kuɗin ba ka gane ba tukuna.

Shawarata ka sauka a tsakiyar gari, inda suke kira Wust el-Balad, tsakanin dandalin Tahrir da titin Talaat Harb. Nan ne ƙananan masaukai suka taru, yawanci a hawa na huɗu ko na shida na tsofaffin benaye, wasu da ɗaki mai gado shida ko takwas inda gado ɗaya kake biya. Kwana biyu kawai za ka biya da farko. Ka duba ko akwai ruwan zafi da asuba, ko akwai akwatin da za ka rufe da kwaɗonka, ko tagar tana kallon babban titi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, don hon ɗin motocin Alƙahira ba ya yankewa sai gab da asuba. In wurin ya yi maka, ka nemi ragi na mako guda, ana yi.

Ka fara da kogi

Washegari kada ka je ko'ina mai tikiti. Ka taka daga Tahrir zuwa gadar Ƙasrun Nil, tafiyar minti biyar ce. Za ka gane ta da zakoki huɗu na tagulla, biyu a kowane baki, kuma tun 1933 take tsaye a siffarta ta yanzu. Ka je tsakiyarta ka tsaya ka dubi inda ruwa ya nufa. Can ne arewa. Nilu daga kudu yake fitowa ya gangara tekun Bahar Rum, shi ya sa in Bamisre ya ce "Sa'id", wato ƙasar sama, kudu yake nufi. Idan ka fuskanci inda ruwan ke tafiya, hannunka na dama shi ne gabas: tsakiyar gari, tsohon birni, Azhar, da tudun Muƙaɗɗam a can baya. Hagunka yamma ne: Dokki, Giza, da dalar Fir'auna. Wanda ya saba da Yamai zai gane nan take, kamar tsayuwa ce a kan gadar Kennedy, Harobanda a wancan ƙetare, Babbar Kasuwa a wannan.

Tsibirai biyu za ka riƙe. Wanda gadar ta sauka a kansa shi ne Gezira, inda unguwar Zamalek take, da hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, wadda ake hangowa daga nesa. Duk lokacin da ka rikice, ka nemi inda za ka hango ta. Na kudu kuwa Rauda ne. A ƙarshensa akwai Miƙyas, rijiyar dutse mai ginshiƙi a tsakiya da aka gina a shekara ta 861 don auna cikar kogi, domin da ita ake sanin ko shekara za ta yi albarka da kuma harajin da za a aza. A wannan tsibirin ne Shehu Jalaluddin Suyuɗi ya keɓe kansa a ƙarshen rayuwarsa har ya rasu a 1505, shi da ya rubuta wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. Na daɗe zaune a bakin ruwan ina tunanin nisan da takarda ta ci daga nan zuwa Abzin a kan raƙumi.

Abin da zai ba ɗan Yamai mamaki shi ne kogin ba ya cika ya janye kamar namu. Mu mun saba da kogin Isa ya tumbatsa, sannan ya ja baya har rairayi ya fito a tsakiya kafin damina. Nilu a Alƙahira ya daina wannan tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970.

Amfanin kogin a gare ka na kullum ne. Titin da ya bi bakinsa, Kurnish, shi ne hanyar komawa gida duk inda ka ɓata: ka tambayi "en-Nil fen?", ka isa ruwa, ka duba inda ya nufa, ka san gefen da za ka bi. Da la'asar sakaliya kuma nan ne wurin shan iska na talakan gari, masu gasa masara, masu dankalin hausa a tanda, iyalai a kan kujerun roba. Ka ware yamma ɗaya don jirgin ruwa mai filafilai, feluka, ana samunsu a bakin Garden City da Ma'adi. Ciniki na jirgi ne gaba ɗaya a kan awa, ba na kai ba, don haka ka haɗa da mutum biyu ko uku daga masaukinku. Ku tsaida kuɗi da lokaci kafin a kwance igiya. Iska daga arewa take busowa, ita ke tura jirgin ya hau ruwa, in za a dawo sai ruwan ya gangaro da ku. Amma kada ka shiga wanka, kada ka sha. Tsargiya da muka sani a tafkunanmu tsohuwar cuta ce a Nilu.

Mutum uku da za su san fuskarka

Na farko shi ne mai gadin benen, bawwab. Yawancinsu mutanen kudu ne masu doguwar riga, suna zaune a bakin ƙofa dare da rana. Ka yi masa cikakkiyar sallama safe da yamma, irin wadda za ka yi wa dattijon ƙofar gidanku, ka kira shi "ya ammu", wato baffa. In ka sayo lemu ka miƙa masa biyu. Shi ya san mai wanki na gaskiya, ya san inda ake gyaran waya, kuma shi ne zai lura in dare ya raba ba ka dawo ba.

Na biyu mai abincin safe. A kowane lungu akwai amalanke da babbar tukunya mai dogon wuya, a ciki ful ne, wake mai faɗi da ya kwana yana dahuwa, ana zuba masa mai da lemun tsami da gishiri. Kusa da shi ana soya ta'amiya, wadda ƙosai ce sak, sai dai da wancan waken ake yin ta, an niƙa shi da ganye har cikinta ya yi kore. Ana ci da gurasarsu, aish baladi. Ka zaɓi amalanken da ma'aikata suka yi wa layi, ka riƙa zuwa nan kullum. A kwana na uku ba za ka sake tambayar farashi ba, shi ma ba zai ƙara maka ba.

Da rana koshari ne abincin mai tafiya da ƙaramin guzuri: shinkafa da taliya da adas, wato wani ƙanƙanin wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. A kan tebur akwai kwalba biyu, ta tafarnuwa da ruwan tsami, da ta yaji, shatta. Cikinka ba zai yi baƙunta sosai ba a wannan gari. Malohiyar da muke miya da ita ita ce mulukhiyyarsu, har sunan ɗaya ne. Kuɓewa bamya ce. A shagon ruwan ƴaƴan itace za ka tarar da zoɓo da sunan karkade, tsamiya da sunan tamar hindi, har goruba suna jiƙawa su sha, suna ce mata dom. Ruwan rake, asab, a gabanka ake matse shi, ka sha nan take kafin ya yi duhu. Ruwan sha kuwa na gora za ka riƙa saya, babba, ka ajiye a ɗaki kana ɗura ƙarama. Ɗanyen ganye na bakin titi ka ɗaga masa ƙafa a makon farko.

Na uku yaron shagon shayi. Ahwa ita ce fadarsu, sai dai babu gawayi da zaman jiran tafasa uku. Kofin gilashi ɗaya ake kawowa, kuma sukarin yana da yawa, in ba ka so ka ce "sukkar barra", a kawo shi gefe. Ka zaɓi ahwa ɗaya a lungun da ba na baƙi ba, ka riƙa zama bayan isha'i. Da shayi ɗaya kana iya yin awa biyu babu mai tashinka. A nan na koyi rabin Larabcin da na yi aiki da shi, kuma nan ne aka fara tambayata lafiya ranar da mura ta hana ni fitowa.

Zirga-zirga

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, shi ne ya fi komai sauƙi da araha. An buɗe layin farko a 1987, yanzu layi uku ke aiki. Layi na ɗaya yana bin gabashin kogi daga Helwan a kudu zuwa Marg a arewa. Na biyu yana ratsawa ta ƙarƙashin Nilu daga tashar Sadat, wadda ke ƙarƙashin Tahrir, ya bi ta Opera da Dokki zuwa Giza. A Sadat da Shuhada ake sauya tsakanin na ɗaya da na biyu, a Ataba tsakanin na biyu da na uku. Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshi, ka faɗi inda za ka a taga, kuma ka riƙe tikitin don da shi ake fita. Ana sa jaka a na'urar bincike a ƙofa. Akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgi, da alama a bakin dandamali, namiji ya kiyaye. Daga bakwai zuwa tara na safe da kuma bayan tashi daga aiki, ka juyo da jakarka gaba.

Ƙananan motocin haya farare suna zuwa ko'ina amma ba su da rubutun da baƙo zai karanta, sai ka ji yaron mota yana kiran wuri. Kuɗi hannu da hannu ake miƙawa har gaba. In za ka sauka ka ce "ala gamb ya usta". Farar tasi tana da mita, ka ce a kunna ta kafin a tashi, in an ƙi ka sauka.

Ƙetare titi darasi ne mai zaman kansa, kuma da gaske nake, don nan ne haɗarin da ya fi kusa da kai. Motoci ba sa tsayawa. Ka sami ɗan gari da zai ƙetare, ka tsaya ta gefensa yadda shi ne ke tsakaninka da motocin, ka taka daidai da takunsa. Kada ka ruga, kada ka ja da baya a tsakiya, domin direba ya riga ya auna inda za ka kai.

Ka ɗaure yininka a kan salloli

Mai tafiya shi kaɗai yana buƙatar abin da zai riƙe masa yini, in ba haka ba kwanaki su narke. Ni da salla na tsara nawa: wuri ɗaya mai nauyi tsakanin hantsi da azahar, hutu, sannan yawon ƙafa daga la'asar zuwa magariba. Masallaci kuma shi ne wurin alwala da bayan gida da miƙe ƙafa. Ba sai ka ɗauki buta ba, ban-ɗakunansu da ƴar tiyo suke. Abu ɗaya ka gyara tun ranar farko: a gida mun saba cewa gabas ita ce alƙibla, a Alƙahira kuwa kudu maso gabas take. Za ka ji liman yana karatu da ruwayar Hafsu, ba Warshu da muka tashi da ita a makarantar allo ba, kuma za ka ga yawancin mutane suna ƙabalu. Babu wanda ya taɓa ɗaga mini gira don na saki hannu.

Ga yadda zan raba makon farko. Rana ɗaya ta titin Mu'izz ce, daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila da ƙafa, ka yi azahar a Azhar, wanda aka fara gininsa a 970 aka buɗe a 972. Kasuwar Khan el-Khalili tana nan ƙetaren titi, kallo za ka yi a ranar, saye sai ƙarshen tafiya. Wata rana ka sauka tashar Mar Girgis, ka ga tsofaffin majami'un Kibɗawa, ka taka zuwa masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, wajen shekara ta 642. Masallacin Ibn Ɗulun na 879 shi ne ya fi kwanta mini, saboda faɗin farfajiyarsa da shirunsa, ga hasumiya mai matakala ta waje. Ganuwar Salahuddin da masallacin Sultan Hasan su ma yini guda ne. Dalar Fir'auna kuwa ka je da sassafe. A can duk mai raƙumi ko doki da ya ce hawa kyauta ne, a sauka zai nemi kuɗi, kuma ɗan Adar bai zo Masar don ya hau raƙumi ba. A manyan masallatai mai ajiye takalma yana sa ran ɗan ihsani, ka tanadi canji ko ka sa takalmin a leda cikin jakarka.

Juma'a da Asabar ne hutunsu. Safiyar Juma'a gari yakan yi tsit, ita ce lokacin yawo a tsakiyar gari ka ga gine-gine ba tare da turereniya ba. In a Azhar ko masallacin Husaini kake son Juma'a, ka isa da awa guda a hannu.

Baki da mutane

Larabcin makaranta zai yi maka aiki, za a fahimce ka, amma amsar da za ta dawo da wani kaya take. Jimun sun mai da shi "ga", ƙafun kuma sun haɗiye shi. "Bikam" nawa ne, "fen" ina, "mayya" ruwa, "ayiz" ina so. Faransanci ba ya kai ka nesa a titi. Ka koyi lambobin Larabci da ido kafin ka tafi, don da su ake rubuta farashi. Ka kuma cire lissafin dala irin namu na sefa daga kanka, in an ce hamsin, hamsin ɗin ce, ba a ninkawa biyar. In an tambaye ka daga ina, ka ce "min an-Nijar", za a ce Najeriya, ka gyara cikin fara'a. Kullum sai ka yi wannan.

A kewayen Tahrir akwai masu tare baƙo da murmushi su ce gidan tarihi a rufe yake yau, zo ka sha shayi a shagon ɗan'uwana. Ƙarshen hanyar shagon turare ne ko na zanen takardar gargajiya. Ni ma an taɓa ja na, na fito da kwalbar turaren da na biya ninkin kuɗinta. Amsa ɗaya ce: "la, shukran", hannu a ƙirji, ƙafa ba ta tsaya ba. Ainihin mutanen gari kuwa, in ka tambaye su hanya, wani sai ya bar abin da yake yi ya raka ka.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Baƙar fata yakan ji ana jefo masa kalma a titi, "samara" ko abin da ya fi haka muni, galibi daga bakin yara da samari. Yana da ciwo, ranar farko har abinci ya fita raina. Kada ka tsaya musayar magana, kai kaɗai ne kuma baƙo. Ka wuce, in abin ya matsa ka shiga shago mafi kusa ka yi wa mai shi sallama. Sau biyu na ga dattijo ya tashi ya tsawata wa yaran da kansa.

Kada ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda, shingen bincike ko ginin gwamnati. Kada ka shiga hirar siyasar ƙasarsu ko da su suka fara. Kofin fasfo da na biza su kasance a aljihunka kullum. Lambar ƴan sanda 122 ce, motar asibiti 123, ƴan sandan baƙi masu yawon buɗe ido 126. Nijar tana da ofishin jakadanci a can, ka rubuta lambarsu a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Ke kuma ƴar'uwa, in ke ce mai tafiyar, duk wannan naki ne, da ƙari. Ki nemi masauki mai ɗakin mata zalla, ki shiga taragon mata, ki zauna a kujerar baya a mota ki tura wa wani hanyar da kike bi. Masu tsokana a titi suna nan, kuma shigar mutunci ba ta kore su duka. In wani ya matsa miki, ki ɗaga murya ki ce "eib", wato abin kunya, ki nufi inda mata suke.

Kuɗi, wanki, da dare

Kuɗinka ka raba uku: na yini a aljihun gaba, na mako a akwatin masauki, yuro kuma a jikinka ƙarƙashin riga. Kowane dare ka rubuta abin da ka kashe. Ƙananan takardu su ne wahalar garin, kowa cewa yake ba shi da canji, saboda haka ka fasa manya a babban kanti ko tagar metro. Ƙananan kaya ka wanke da hannu, iskar garin busasshiya ce, kafin safe sun bushe. In ciki ya ɓaci, kantin magani, saidaliyya, yana kowane titi, wasu ba sa rufewa. Zazzaɓi kuwa ka je asibiti ka faɗa musu daga ƙasar sauro ka fito, don likitan can ba lalle ya fara kawo zazzaɓin cizon sauro a ransa ba.

Kewa tana zuwa ne wajen kwana na biyar, bayan magariba, lokacin da a gida ake shimfiɗa tabarma. Ka tsaida lokaci ɗaya na gaida iyaye kullum. Masar tana gaban Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. In kira ta WhatsApp ya ƙi shiga, saƙon murya yana tafiya. Ranar da kunnenka ya yi ƙishin Hausa, ka nufi Madinatul Bu'us a wajen Abbasiya, mazaunin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje, ko unguwar Hayyul Ashir a Madinat Nasr. Ɗalibanmu da na Najeriya suna nan da yawa. Ka je da ɗan abin hannu, ko kilishi ne ko yaji, ka tuna ɗalibai ne masu ƙaramin ƙarfi, kada ziyara ta zama sauka. In sun ba ka saƙon gida, dokar nan ta farko tana nan, a buɗe a gabanka.

Kwana biyu kafin tashi ka sake duba ranar ƙarewar bizarka, don wanda ya wuce wa'adi ana cin shi tara a filin jirgi. Sannan ka shiga kasuwa da farashin da ka riga ka sani. Jallabiya da hijabi sun fi araha a Muski da Ataba fiye da Khan el-Khalili, littattafai kuma a lungunan bayan Azhar. Ka auna jakar kafin ka ƙara littafi, takarda tana da nauyi. Ragowar kuɗinsu ka kashe ko ka mayar yuro a can, don a Yamai da wuya ka sami mai karɓa. Ka ware na mota zuwa filin jirgi, ka fita da awa huɗu a hannu saboda cunkoso. Daren ƙarshe ka bi mutanenka uku ɗaya bayan ɗaya ka yi musu ban kwana, mai gadi kuma ka damƙa masa abin da ya sauwaƙa a hannu, ka roƙe shi ya buga maka ƙofa in motar asuba ta iso.